Zarton Ado: Sana'ar Fitar da Zane a Jikin Katako

Zarton ado ƙaramin inji ne da ake yanka zane mai lanƙwasa da shi a jikin katako marar kauri. Yana da faifan ƙarfe da ake ɗora katakon a kai, da hannuwa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda ke riƙe da siririn tsinken zarto a tsaye. Idan aka kunna shi, tsinken yana hawa yana sauka da sauri, mai aiki kuma yana tura katakon da yatsunsa, yana juya shi duk inda layin zanen ya nufa. Wanda ya san keken ɗinki zai gane shi da gani ɗaya: allura tana nan wuri guda, yadi ne ke tafiya. Abin da ya raba shi da sauran zartunan kafinta shi ne ana iya kwance tsinken, a zura shi ta wata 'yar huda a tsakiyar katako, a sake ɗaurewa, a yanke wani sashe na ciki ba tare da an taɓa gefen katakon ba.

Wannan dama ita ta haifar da sana'a mai zaman kanta. Da injin ake yin gidan agogo mai huje-huje, akwatunan ajiye kayan ado, allunan suna, kayan wasan yara, hotunan fuskoki da na dabbobi, da wasan haɗa guntaye. A Amurka, Kanada, Birtaniya da Jamus, akasarin masu aikin ba da shi suke cin abinci ba. Sha'awa ce da ake yi da yamma ko a ƙarshen mako a garejin gida, kuma ta karɓu ƙwarai wajen waɗanda suka yi ritaya, domin a zaune ake yin ta, ba ta cin wuri, ba ta kuma neman ƙarfin damtse. Sai dai sauƙin injin yakan ruɗi sabon hannu. Kyan abin da zai fito ya rataya ne a kan abubuwa uku: tsinken da ya dace kuma aka ɗaure shi daidai, katakon da ya bushe, da shafin da zai iya shiga lungunan da zarto ya buɗe.

Asalin aikin

Yanka zane da siririn zarto ya girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. Masu ƙera kayan ɗaki na alfarma a Turai sun daɗe suna amfani da zarton hannu mai zurfin firam wajen yanka katakon da aka fere siriri, suna manna guntayen a jikin tebura da kabad. Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne André-Charles Boulle, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732 kuma ya yi wa Sarki Louis na 14 na Faransa aiki. Yakan ɗora fallen tagulla a kan fallen ɓawon kunkurun teku, ya yanke su a tare, sai ya samu alluna biyu daga yanka ɗaya: a ɗaya zanen tagulla ne a cikin ɓawo, a ɗayan kuma zanen ɓawo ne a cikin tagulla. A Landan kuwa, cikin shekarun 1760, wani mai zana taswira, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katako ya yanyanka ta bisa iyakokin ƙasashe don koya wa yara labarin ƙasa. Shi ake dangantawa da fara wasan haɗa guntaye.

Aikin ya shiga gidajen talakawa ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da aka fara ƙera injuna masu feda da ake takawa da ƙafa. Kamfanin W. F. & John Barnes na garin Rockford a jihar Illinois ya yi suna da irinsu tun shekarun 1870. A Ingila, kamfanin Hobbies na garin Dereham a yankin Norfolk ya fara fitar da mujallar mako-mako a 1895, wadda ke zuwa da zanen da mai karatu zai manna a katako ya yanka, kuma kamfanin yana sayar da zartunan hannu da masu feda. Falukan wancan zamani sun cika da kantocin bango, firam ɗin hoto da akwatunan ɗinki da 'yan gida suka yanka da hannunsu.

Da yayin kayan ɗaki masu yawan ado ya wuce, aikin ya ja baya, ko da yake bai mutu ba. A yankin tsaunukan Erzgebirge na Jamus ana ci gaba da yanka bakan kyandir da ake ajiyewa a taga lokacin Kirsimeti, ɗauke da surar masu haƙar ma'adinai da itatuwan daji, a garin Sorrento na Italiya kuma aikin dasa guntayen katako a jikin akwatuna da tebura yana nan. Farfaɗowar zamani ta faro ne a shekarun 1970, sa'ad da kamfanin Hegner na Jamus ya fito da injunan lantarki masu riƙe tsinke a miƙe, marasa yawan girgiza. Littafin jagora da Patrick Spielman ya wallafa a Amurka a 1986 ya ja dubban mutane zuwa ga aikin, yau kuma kamfanin Fox Chapel na jihar Pennsylvania yana buga mujalla da littattafan zane musamman dominsu.

Yadda injin yake

Ana auna girman zarton ado ne da zurfin wuyansa, wato tazarar da ke tsakanin tsinke da ginshiƙin baya. Wannan tazarar ce ke iyakance faɗin katakon da za a iya juyawa a kan faifai. Ƙananan injunan koyo suna da inci 16, na matsakaita inci 18 zuwa 21, akwai kuma manya masu kai wa inci 30. Galibinsu suna iya cin katako mai kaurin da ya kai santimita 5, amma yawancin aiki bai wuce milimita 3 zuwa 20 ba. Saurin tsinke yana kamawa daga kusan bugu 400 zuwa 1,800 a minti, kuma injin da ake iya rage wa gudu ya fi amfani, domin siririn katako da roba suna son tafiya a hankali, katako mai kauri kuma yana son gudu.

Tsarin hannuwan ya kasu uku. A na farko, hannun sama da na ƙasa dogaye ne, kowanne yana lilo a kan nasa ƙusa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Irin wannan ne Hegner ke yi, kuma tsinken yana sauka kusan a miƙe. A na biyu, hannuwan a haɗe suke wuri guda suna lilo a kan ƙusa ɗaya, sai tsinken ya riƙa ɗan kai gaba yana dawowa. Yana ci da sauri, amma ba ya son kwana mai tsanani. A na uku, dogayen hannuwan ba sa motsi, sanduna ne a cikinsu ke kaɗa wasu gajerun kawuna a gaba, abin da ke rage girgiza sosai. Injin DeWalt DW788, mai wuyan inci 20, yana cikin wannan rukuni. A yawancin injuna faifan ne ke karkata har digiri 45 idan ana son yanka a gicciye, amma a injunan Excalibur da Pegas kan injin ne ke karkata, faifan ya zauna daram, katako ba ya zamewa.

Ƙwararru sun fi duba abu biyu kafin saye: yawan girgiza, da saurin kwance tsinke a ɗaure. Aiki ɗaya mai huje-huje yana iya samun hudoji ɗari da wani abu, kowace kuma sai an kwance an ɗaure. Injin da ke neman sifana a kowane karo yana cinye rabin lokacin mai shi.

Tsinken zarto

Tsawon tsinke inci 5 ne, kusan santimita 13. Akwai mai 'yar ƙusa a kowane kai, wadda ke maƙalewa a ƙugiyar inji, akwai kuma marar ƙusa, wanda ake matsewa da noti. Mai ƙusa yana da sauƙin sakawa, amma yana da faɗi, ƙusar kuma ba ta shiga ƙaramar huda, shi ya sa duk aikin da ke da ƙananan lungu marar ƙusa ake yi da shi.

Ana bambanta girman tsinke da lamba. Ƙananan lambobi irin 2/0, 1 da 2 sirara ne masu haƙora da yawa, na siririn katako da kwana mai tsanani. Lamba 5, wanda faɗinsa kusan milimita ɗaya ne, shi ne na yau da kullum. Lamba 7, 9 da 12 na katako mai kauri ko tauri ne. Dokar ita ce a ɗauki mafi girman tsinken da zai iya bin kwanar zanen, domin babba ya fi tafiya a miƙe, ya fi jimiri.

Tsarin haƙora ma yana da nasa tasiri. Tsinke mai giɓi, wanda aka bar fili tsakanin haƙori da haƙori, yana fitar da garin katako da sauri, ba ya saurin zafi. Akwai wanda 'yan haƙoransa na ƙasa ke kallon sama, saɓanin sauran; waɗannan su ke gyara bayan katako lokacin da tsinke ke hawa, sai a samu ƙasan aikin babu tsarge-tsarge. Akwai kuma murɗaɗɗe, mai haƙora ta kowace fuska, wanda ke ci gaba da baya da gefe ba sai an juya katako ba. Masu yanka manyan hotunan fuska suna son shi, amma tsaginsa yana da faɗi, gefen da yake bari kuma yana da kaushi. Sanannun masu ƙera tsinke sun haɗa da Olson a Amurka da Pegas a Suwizalan, ana kuma sayar da shi dozin-dozin ko 144 a ƙunshi, domin abu ne mai ƙarewa: da zarar ya fara neman a tura katako da ƙarfi, ko ya fara barin baƙin tabo, ya dakushe.

Ana saka tsinke haƙoransa na kallon mai aiki kuma suna duban ƙasa, don ya riƙa danne katako a kan faifai. Idan aka juya shi, katakon zai yi ta tsalle. Ɗaurin da ya yi daidai shi ne wanda in an taɓa tsinken da yatsa zai yi ƙara siririya mai tsabta, in an tura shi gefe kuma ba zai kauce fiye da milimita 3 ba. Sako-sakon tsinke yana lanƙwashewa a cikin katako, saman yankan ya bi layi, ƙasan ya bauɗe.

Zaɓen katako

Katakon da ya fi kowanne shiga wannan aiki shi ne filawud ɗin itacen birch da ke fitowa daga Finlan, Rasha da ƙasashen gaɓar tekun Baltik. An yi shi da falle-falle sirara masu kauri ɗaya, jijiyar kowane falle ta gitta ta na ƙarƙashinsa, kuma ba kasafai ake samun rami a cikinsa ba. Wannan gittawar ce ke sa siraran sassan zane su tsaya ba su karye ba. Mai kaurin milimita 3 da mai 6 su ne na huje-huje da hotuna. Filawud mai arha yakan ɓoye ramuka a ciki, sai zarto ya iso wurin sashen ya ɓalle.

Tsantsar katako ya fi kyan gani amma yana da hali. Yana da ƙarfi idan aka bi tsawon jijiyarsa, yana da rauni idan aka gitta ta, don haka ake ɗora zane yadda siraran sassa, kamar ƙafar dabba ko wutsiyar harafi, za su bi jijiya. Masu aikin a Amurka suna amfani da walnut mai duhu, maple mai haske, cherry mai ja-ja da poplar mai laushi. Cherry da maple suna saurin ƙonewa idan tsinke ya yi zafi. Launuka masu ƙarfi kuwa da yawansu daga Afirka suke zuwa: padauk mai jan lemo daga dazukan Kamaru da Gabon, wenge mai baƙi-baƙi daga yankin Kwango, da mahogani na Afirka, wanda dangin maɗaci ne. Madobiya ma tana da kyan jijiya, amma yawan sararta don fitarwa waje ya sa tun 2016 aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu.

Kowane iri aka zaɓa, sai ya bushe. Katakon kayan cikin ɗaki ana son danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa gwargwadon danshin iska, kuma siririn allo ya fi saurin kantarewa. A wuraren da damina ke da laima, hunturu kuma ke busar da komai, wannan motsi yana da yawa. Maganinsa shi ne a ajiye allunan a kwance, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa fuskokin biyu, a kuma bar su su kwana biyu a ɗakin aiki kafin a yanka. Katakon da aka jiƙa da maganin gara bai dace da wannan aiki ba, saboda ƙurarsa na ɗauke da maganin.

Shiri da yanka

Bayan injin, kayan da ake bukata kaɗan ne: injin huda da siraran bakuna, samfefa, ƙananan magagarai, gam ɗin katako, salatif, 'yar sukwaya ta duba miƙewa, da fitila mai gilashin ƙara girma. Da yawa suna ƙara makunnin ƙafa, don hannuwa biyu su zauna a kan katako.

Ana fara goge allon da samfefa tun kafin yanka, domin bayan an huhhuje shi ba zai jure guga mai ƙarfi ba. Sai a rufe fuskarsa da salatif ɗin masu fenti, a fesa gam a bayan takardar zane, a manna a kai. Idan an gama, salatif ɗin yana ɗagowa da takardar gaba ɗaya, bai bar danƙo ba. A kan katako mai saurin ƙonewa akan ƙara farin salatif mai sheƙi a saman zanen, domin yana rage gogayya da tabon ƙuna. Daga nan a huda kowane sashe da za a cire, kusa da kwana, da wani guntun katako a ƙasa don kada bakin huda ya tsaga bayan allon. Kafin a fara, ana duba cewa tsinke ya tsaya cak a kan faifai: a ɗan tsaga wani guntu mai kauri, a juyo da shi ta bayan tsinken, in tsinken ya shige tsagin ba gardama, to daidai yake.

Ana fara yanka daga tsakiya a fito waje, a soma da ƙananan lungu masu haɗari tun katakon yana da ƙarfi, a bar kewayen waje ya zama na ƙarshe. Yatsu suna danne allon, suna tura shi gaba kawai. Turawa ta gefe ita ke lanƙwasa tsinke ta karya shi. Yawancin tsinkaye suna ɗan ja gefe guda saboda kaifin da ya rage a jikinsu wajen ƙira, don haka miƙaƙƙen layi sai an ɗan karkata allon ake samunsa. A kwana mai tsini, mai aiki yana daina turawa, ya ɗan jawo allon har ya jingina da bayan tsinke inda babu haƙora, ya juya shi a wurin yatsa ɗaya na danne kusa da tsinken, sannan ya ci gaba. Idan ya kauce wa layi, ba ya komowa da sauri. Yana dawowa a hankali, tunda da an cire takarda babu mai sanin inda layin yake, amma karyewar lanƙwasa kowa zai gani.

Siraran alluna ana jera uku ko huɗu, a ɗaure su da salatif ko ƙananan ƙusoshi a wuraren da za a zubar, a yanka su a tare. Ana samun kwafi da yawa a aiki ɗaya, kaurin kuma yana rage wa tsinke gaggawa, ya fi biyuwa.

Rassan sana'ar

Aikin huje-huje shi ne tushe, amma akwai wasu. A aikin da ake kira intashiya, ana yanka kowane sashe na hoto daga katako mai launi daban, a goge shi ya yi tudu da kwari, a jera a manna a kan allon baya; babu fenti, launin itatuwan ne ke ba da hoton. Ba'amurkiya Judy Gale Roberts tana cikin waɗanda suka yaɗa salonsa na zamani. Akwai dasa guntu a cikin guntu, inda ake ɗora katako biyu, a ɗan karkata faifai, a yanka su tare, sai guntun ɗaya ya zauna cif a ramin ɗayan ya rufe tsagin zarto. Akwai yanka ta fuska biyu: a manna zane a gefe biyu na sandar katako mai kusurwa huɗu, a yanka ɗaya, a mai da guntayen a naɗe da salatif, a juya a yanka ɗayan, sai a fito da sura mai jiki daga tsakiya. Har kwano ake yi daga allo ɗaya, ta hanyar yanka zobba a karkace a ɗora su bisa juna a manne.

Guga da ƙura

Shafi ba ya ɓoye aibin katako, fito da shi yake yi. Ana hawa lambobin samfefa daki-daki, daga 120 zuwa 150 ko 180, a ƙare da 220, kullum ana bin jijiya. Tsarge-tsargen bayan aiki ana cire su da siririn magagari ko 'yar samfefa da aka naɗe. Ragowar gam sai an kankare shi tas, domin inda ya bushe mai ba ya shiga, wurin ya fito fari.

Zarton ado yana cikin injunan katako mafi ƙarancin haɗari ga yatsu, amma ƙurarsa laushi gare ta, kuma fuskar mai aiki tana dab da ita. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman a hanci. Ƙurar iroko da obeche an san ta da tayar da asma, ta iroko kuma da ƙaiƙayin fata. Saboda haka takunkumi mai tace ƙura, tabarau, na'urar zuƙe gari da ɗaki mai iska wajibi ne.

Nau'o'in shafi

Shafi yana kare katako daga datti da danshi, yana kuma fito da launinsa. Ya kasu gida biyu: mai nitsewa cikin katako, da mai yin fata a samansa.

A cikin masu nitsewa, man linsid da ake matsa daga irin tsiron flax shi ne mafi daɗewa. Ɗanyensa yana jinkirin bushewa, shi ya sa wanda ake sayar wa kafintoci ake zuba masa sinadaran ƙarfe masu busarwa. Yana ba katako launi mai ɗumi, yana ƙara rawaya da shekaru. Man tung, daga ƙwayar wata itaciya ta ƙasar Sin, ya fi shi jure ruwa, ba ya kuma yin duhu kamarsa, amma yana neman shafi da yawa da haƙuri. Abin da ake sayarwa da sunan man Danish gauraye ne na mai da banish da ruwan tsinkawa. Waɗannan su suka fi dacewa da huje-huje, domin ana iya zuba su a faranti mai faɗi a tsoma aikin gaba ɗaya. Da yawa suna gauraya man linsid da farin sifirit rabi da rabi, su tsoma, su ɗaga ya tsane, su goge abin da ya rage da tsumma, su hure lungunan da iska. Man da aka bari ya kwanta a sama ba ya bushewa da kyau, danƙo yake zama.

Tsumman da ya sha man linsid ko danginsa yana da haɗari na gaske. Man yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin, wannan kuma yana fitar da zafi. In aka dunƙule tsumman aka jefa a kwando, zafin yana taruwa har ya kama da wuta da kansa. Ana shanya shi ne a buɗe a waje har ya ƙandare, ko a nutsa shi cikin ruwa a gwangwani mai murfi.

A cikin masu yin fata, shalak shi ne na asali. Wani ƙwaro ne ke fitar da shi a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi ɓarɓashi, a narka a sifirit na alkohol. Yana bushewa cikin mintoci, sabon shafi yana narkewa cikin tsoho, gyaransa ba wuya, kuma idan ya bushe ba ya cutarwa, har ƙwayoyin magani da alewa ake lulluɓewa da irinsa. Rauninsa zafi, alkohol da ruwan da ya daɗe a kansa. Wanda aka narka ya daɗe a ajiye yakan ƙi bushewa. Banish ɗin feshi mai naitiroselulos shi ma yana saurin bushewa, yana ba da santsi, amma tururinsa na da ƙarfi kuma yana kama wuta. Foliyuritan ya fi su duka jure gogayya da ruwa: na mai yana sa katako ya yi ruwan zuma, na ruwa kuma yana barin farin katako da haskensa, sai dai yana tayar da gashin katako a shafin farko, sai an bi da samfefa mai lamba 320.

A kan huje-huje, buroshi ba ya aiki da waɗannan, domin ruwan yana taruwa a kwana ya daskare. Feshi ake yi, siriri-siriri, daga kusurwa huɗu don ya taɓa bangon kowace huda, sau uku ko huɗu. Yanayi ma yana da ta cewa: iska mai laima tana sa shalak da banish ɗin feshi su yi hazo fari, iska mai ƙura kuma tana zuba tsakuwa a kan foliyuritan kafin ya kama. Itatuwa masu maiƙo, irin iroko da tik, suna hana shafin mai bushewa da wuri. Akan goge su da sifirit, ko a fara da shalak marar kaki ya zama shamaki.

Kaki shi ne na ƙarshe a jeri. Kakin zuma yana da laushi, na karnoba da ake samu daga ganyen wani giginyar Burazil ya fi tauri da ƙyalli. Shi kaɗai ba ya kare katako sosai, amma a kan mai ko shalak yana ba da taushin taɓawa. Ba a ɗora wani shafi a kansa, domin ba zai kama ba.

Daidaita shafi da aiki

Amfanin da za a yi da abu shi ke zaɓar masa shafi. Hoton bango da ba a taɓawa, tsomi ɗaya a mai da feshi biyu sun wadatar. Intashiya tana son shafi marar launi kuma marar ƙyalli da yawa, don kada ya gurɓata bambancin itatuwan. Tire da abin ɗora kofi suna bukatar foliyuritan. Abin da zai taɓa abinci, ko kayan wasan da yaro zai kai baki, ana shafa masa farin man minaral irin na kantin magani, shi kaɗai ko a narka shi da kakin zuma, ko kuma shalak; man gyaɗa da sauran man girki suna ɓaci su yi wari. Fentin kayan yara dole ya zama marar dalma, guntayen kuma su fi ƙarfin haɗiya. A wasan haɗa guntaye ana kiyaye kaurin shafi a gefuna, in ba haka ba guntayen su ƙi shiga juna. Kowane shafi ana fara gwada shi a kan ragowar katakon da aka yi aikin da shi.

Bushewar taɓawa daban take da nuna: shafin mai yakan ɗauki kusan wata guda kafin ya gama tauri, don haka ba a naɗe kaya ko a ba yaro kafin warin ya tafi. Bayan haka kulawar kaɗan ce. Ana kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, ana nisanta aikin da hasken rana kai tsaye, wanda ke mai da jan padauk ruwan ƙasa ya kuma ƙara wa cherry duhu, ana sabunta mai ko kaki idan fuskar ta fara bushewa. Siririn sashen da ya karye ana mai da shi da ɗigon gam a bakin tsinken sakace, a riƙe shi da salatif har ya kama.